Wa Zai Biya wa Ɗan Gwauruwa? Yadda Tallafin Karatu Yake Aiki a Makaranta Mai Zaman Kanta

Akwai wani abu da muke gani kowane zango, har ya kusa zama mana jiki. Mako biyu ko uku bayan an koma makaranta, da misalin ƙarfe goma na safe, sai ka ga yara cikin kayan makaranta suna komawa gida da jakunkunansu. An koro su ne saboda kuɗin makaranta. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa makarantar da ta koro su ta ikilisiya ce. Iyayensu ne suka ɗebo yashi, matan zumunta suka ɗebo ruwa, matasa suka ɗauki bulo a ka lokacin da ake gina ajujuwan. Yanzu ginin ya tsaya, suna ya fita, amma ɗan wanda ya ɗauki bulon ba ya iya zama a ciki.

Ba mu rubuta wannan don mu zargi shugabannin makarantu ba. Makaranta mai zaman kanta ba ta samun kuɗi daga gwamnati. Albashin malamai, alli, man janareto, abincin 'yan kwana, gyaran rufi, duka daga kuɗin da iyaye suke biya suke fitowa. Shugaban da ya ƙyale kowa ya zauna ba biya, a ƙarshen wata malamansa ne za su kwana da yunwa, su ma kuwa suna da 'ya'ya. Babu karatu na kyauta a duniya. In ka ga yaro yana karatu bai biya ba, to wani ne ya biya masa. Tambayar ita ce, wane ne wannan wani ɗin, ta wace hanya kuma kuɗinsa zai kai ga yaron da ya dace?

Akwai wata makaranta a Ingila da ta shafe fiye da shekara 470 tana fama da wannan tambaya. Labarinta zai taimake mu mu gane yadda abin yake tafiya, da inda yakan lalace.

Wa'azin da ya haifi makaranta

Tsakanin 1536 da 1541, Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen sufaye na ƙasar Ingila, ya ƙwace dukiyarsu. Ko mene ne laifin waɗannan gidaje, su ne dā suke ciyar da matalauta, suna kula da marasa lafiya da marayu. Da aka rufe su, titunan Landan suka cika da mabarata da yaran da ba su da kowa.

A shekarar 1552 Bishop na Landan, Nicholas Ridley, ya yi wa'azi a gaban Sarki Edward na Shida a kan jinƙai ga matalauta. Sarkin yaro ne, shekarunsa 14. Bayan sujada ya sa aka kira masa bishop, ya tambaye shi abin da za a yi a aikace. Daga nan ya rubuta wa magajin garin Landan, Sir Richard Dobbs, aka kafa kwamiti na mutum 30 daga cikin manyan birnin. Suka raba mabukata gida-gida: marasa lafiya aka nufe su da asibitin St Thomas, masu zaman banza aka shirya musu Bridewell inda za su yi aiki, yara marayu da 'ya'yan talakawa kuma aka ba su tsohon gidan sufaye na Greyfriars. A watan Nuwamba na 1552 aka buɗe ƙofa, aka karɓi yara kimanin 380, maza da mata. Sunan wurin Christ's Hospital. Kada sunan ya ruɗe mu: a Turancin wancan zamani kalmar tana nufin gidan da ake karɓar baƙo da mabukaci, ba wurin shan magani kaɗai ba.

Sarkin ya sa hannu a takardar kafa makarantar ranar 26 ga Yuni 1553, ya rasu ranar 6 ga Yuli, yana da shekara 15. Ridley kuwa an ƙone shi da wuta a Oxford a watan Oktoba na 1555, a zamanin Sarauniya Mary, saboda bangaskiyarsa. Ke nan cikin shekara uku, mai wa'azin da sarkin duk sun tafi. Makarantar ba ta tafi da su ba, domin tun farko ba a aljihunsu take ba. Mutanen birni ne suka tara kuɗin, 'yan kasuwa da masu sana'a, aka kuma riƙa karɓar gudummawa a majami'u.

Cikin masu bayarwa na farko akwai wani baduku mai ɗinkin takalma, Richard Casteler. Maƙwabta suna kiransa zakaran Westminster, domin tun ƙarfe huɗu na asuba yake tashi ya kama aiki. Ba shi da ɗa. Da abin da ya tara ya sayi filaye da gidaje masu kawo hayar fam 44 a shekara, ya bar wa makarantar. Mu lura da irin kyautarsa. Bai ba da kuɗin da za a cinye a wata guda ba. Ya ba da abin da zai riƙa haihuwa kowace shekara bayan ransa. Wata gwauruwa mai hali, Dame Mary Ramsey, matar wani tsohon magajin gari, ta yi irin wannan da filaye masu yawa. Haka aka yi ta yi, tsara bayan tsara.

Makarantar ta ga wuya. Babbar gobarar Landan ta 1666 ta cinye yawancin gine-ginenta, masu bayarwa suka sake ginawa. A 1673 Sarki Charles na Biyu ya kafa sashen lissafi a cikinta don koya wa yara 40 ilimin tuƙin jirgin ruwa. A 1902 aka kwashe maza daga cunkoson Landan zuwa wani babban fili kusa da garin Horsham, mata kuma da suke Hertford suka haɗu da su a 1985. Yau tana da ɗalibai kusan 900. Cikakken kuɗin ɗan kwana ya haura fam dubu 40 a shekara, amma mafi yawan ɗaliban ba sa biyan wannan. Wasu suna biyan wani kaso, wasu ba sa biyan ko sisi.

Tallafi iri biyu

A nan ya kamata mu bambanta abu biyu da muka saba haɗawa a ƙarƙashin kalma ɗaya, wato sikolashif. Na farko lada ne na hazaƙa. Yaron da ya zo na ɗaya a jarrabawa, ko ya ƙware a kiɗa ko wasanni, sai a rage masa kuɗi, ko da mahaifinsa attajiri ne. Na biyu tallafi ne na bukata. Ana duba abin da gidan yake samu, a auna abin da iyaye za su iya biya ba tare da sun sayar da gonarsu ba, sai asusu ya cika ragowar. Irin na biyu ne ƙashin bayan Christ's Hospital, shi ne kuma muke magana a kai.

Dalilin bambantawar a fili yake. Idan hazaƙa kaɗai aka duba, yawanci ɗan mai hali ne zai ci, domin shi ya yi firamare mai kyau, shi yake da malamin lesin da fitila da littattafai. Yarinyar da ta fito daga makarantar ƙauye inda malami ɗaya yake riƙe da aji uku, wataƙila ta fi shi ƙwaƙwalwa, amma takardar jarrabawa ba za ta nuna ba. Sai kuɗin da aka tara da sunan matalauta ya koma ragi ga wanda dā ma zai iya biya.

Yadda ake aunawa a can shi ne, iyaye sukan cika takarda su bayyana albashinsu, da gidan da suka mallaka, da ajiyarsu, da yawan yaran da suke ɗauke da su, su kawo shaida. Makarantu da dama sukan aika mutum ya ziyarci gidan. Ana kuma sake dubawa kowace shekara: in hali ya gyaru, kason iyaye ya ƙaru, in uba ya rasa aiki ko ya rasu, tallafin ya ƙaru.

Daga ina kuɗin yake zuwa? Hanya ta farko ita ce dukiyar da aka keɓe har abada, irin ta badukun nan, abin da maƙwabtanmu Musulmi suke kira waƙafi. Ba a taɓa uwar kuɗin. Ana zuba ta a gidajen haya, filaye, da hannun jari, a riƙa kashe ɗan kaso kaɗan a shekara, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, domin saura ya ci gaba da girma. Hanya ta biyu ita ce bayarwa ta yau da kullum daga tsofaffin ɗalibai da iyaye da abokan makaranta, kowane wata ko kowace shekara. Ta uku wasiyya ce. Ta huɗu, wadda ba a cika faɗa ba, ita ce a ɗora ɗan ƙari a kan kuɗin masu biya cikakke. Gwamnatin Birtaniya ma tana ƙarfafa bayarwa da wani tsari mai suna Gift Aid: in mai biyan haraji ya ba ƙungiyar jinƙai fam ɗaya, ƙungiyar tana iya karɓo ƙarin kwabo 25 daga hukumar haraji.

Inda abin yakan karkace

Christ's Hospital ba ita kaɗai aka kafa don talakawa ba. Bishop William na Wykeham ya kafa makarantar Winchester a 1382 don ɗalibai matalauta 70. Sarki Henry na Shida ya kafa Eton a 1440, ita ma don yara 70 marasa hali. Yau Eton tana da ɗalibai kusan 1,300, kuɗinta ya haura fam dubu 60 a shekara, sunanta kuma ya zama lakabin 'ya'yan manya, ko da yake tana tallafa wa wasu. Babu ranar da wani ya zauna ya yanke shawarar korar talakawa. Karatu ya yi kyau, masu kuɗi suka nemi a karɓi 'ya'yansu su biya, aka karɓa domin kuɗin yana da amfani, sannu a hankali baƙo ya zama mai gida. Duk wanda ya san tarihin wasu makarantunmu na mishan zai ji wannan labari bai yi masa nisa ba.

Christ's Hospital ma ba ta tsira sarai ba. Tana da wata tsohuwar al'ada: wanda ya ba da kuɗi mai yawa yakan zama ɗaya daga cikin gwamnonin makarantar, ya sami damar gabatar da yaro. Al'adar ta kawo kuɗi ƙwarai, ta kuma haɗa masu bayarwa da yaran da suke taimako. Amma a farkon ƙarni na 19 an yi ƙorafi a fili cewa wasu gwamnoni suna gabatar da 'ya'yan abokansu masu rufin asiri, gurbin maraya yana tafiya ga wanda ba maraya ba. Al'adar tana nan har yau, sai dai yaron da aka gabatar dole ya ci jarrabawar shiga, gidansu kuma ya bi ta ma'aunin bukata kamar kowa.

Wannan karkacewa ce ta sa doka ta shigo. Yawancin irin waɗannan makarantu a Ingila suna da rajista a matsayin ƙungiyoyin jinƙai, abin da yake ba su sauƙin haraji, alhali yaran ƙasar da suke zuwa makarantun kuɗi ba su wuce kashi 7 cikin ɗari ba. Dokar ƙungiyoyin jinƙai ta 2006 ta ce ba za a ƙara ɗauka kawai cewa makaranta tana amfanar jama'a ba, sai ta nuna. A 2011 wata kotu ta yanke cewa abin da makaranta take yi wa marasa hali dole ya wuce na ganin ido, amma masu riƙon amanarta ne za su zaɓi hanyar. Daga 1 ga Janairu 2025 kuma gwamnati ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu. Ana ta gardama a kan ko hakan daidai ne. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne, makarantar da take cin moriyar sunan jinƙai, wata rana za a tambaye ta ina jinƙan.

Abu guda da Christ's Hospital ta riƙe, wanda muke ganin ya fi kowane tsari hikima, shi ne tufafi. Kowane ɗalibi yana sa doguwar riga shuɗiya da safa rawaya, kusan irin na zamanin da aka kafa ta, makarantar ce kuma take bayarwa kyauta. In ka tsaya kana kallonsu suna maci zuwa cin abincin rana, 'yan badujala a gaba, ba za ka iya nuna wanda ubansa ya biya duka da wanda bai biya komai ba.

Mu fa?

Yawancin iyayenmu da suka yi boko a Arewa, da kuɗin wasu suka yi shi. Makarantar da aka fara a Garkida a 1923, sakandaren maza ta Gindiri da aka buɗe a 1950, makarantar makafi ta Gindiri a 1953, makarantun Waka kusa da Biu, duka sun tsaya ne a kan baikon masu bi na ƙasashen waje, waɗanda yawancinsu ba masu arziki ba ne, da guminmu na gida, daga baya kuma da ɗan taimakon gwamnati. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan da yawa. Da ikilisiyoyi suka koma buɗe nasu, ko aka mayar musu da wasu, wancan kuɗi na waje ya riga ya ƙafe. Saura kuɗin iyaye kaɗai. Wannan ne asalin tsadar da muke kuka da ita, ba lalle mugunta ba.

Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira dubu 70 ne a wata, manomi da mai bishara na ƙauye kuwa ba su ma da tabbacin wannan. To, mu yi lissafi da misali. A ce kuɗin yaro ɗaya a sakandare naira dubu 300 ne a shekara. In za a biya daga ribar dukiyar da aka keɓe, ana cire kashi 4 cikin ɗari, sai an ajiye naira miliyan 7 da rabi saboda yaro ɗaya tak. Ikilisiyoyi kaɗan ne za su iya. Amma mutum 50 in kowannensu ya ba da naira 500 a wata, an sami dubu 25 a wata, dubu 300 a shekara. Wannan kam ikilisiyar ƙauye ma za ta iya. Shi ne kuma tsarin da Manzo Bulus ya ba Korantiyawa a sura ta 16 ta wasiƙarsa ta fari, cewa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, kada a jira sai ranar bukata a shiga tara kuɗi da gaggawa. Mun fi son ranar ƙaddamar da gidauniya, da babban baƙo da alkawuran da ake sanarwa a lasifika. Ma'ajin ikilisiya ya san nawa ne daga cikin alkawuran nan suke shigowa.

Wanda yake son barin abin da zai dawwama, ya yi la'akari da hauhawar farashi. A 2024 ta wuce kashi 30 cikin ɗari a ƙasarmu. Kuɗin da aka kwantar a banki a irin wannan yanayi narkewa yake yi. Shago, gidan haya, ko gona sun fi riƙe daraja, in dai an yi takardu da sunan amintattun ikilisiya ko na makaranta, aka kuma rubuta a fili cewa kuɗin hayar na tallafin karatu ne kaɗai. In ba a rubuta ba, ranar da rufin majami'a ya yaye, nan za a fara kai hannu. Wasiyya ma a rubuta ta tun mutum yana da rai, iyali su sani, don kada kyautar ta zama shari'a.

Auna bukata a wurinmu ya fi wuya, domin manomi ba shi da takardar albashi, mai sayar da ƙosai ba ta da bayanin banki. Amma muna da abin da Ingila ba ta da shi: mun san juna. Matan zumunta sun san gidan da ba a ɗora tukunya sau biyu a rana. Haɗarin sanin juna kuwa shi ne son kai. Saboda haka kada zaɓe ya zama na mutum ɗaya, ko da fasto ne, ko shugaban makaranta. A sa kwamiti na mutum biyar ko bakwai, da mata a ciki, a rubuta ƙa'idodi kafin a ga sunaye, wanda ɗan'uwansa yake cikin masu nema ya fita waje lokacin da ake maganarsa. Kuɗin ya tafi kai tsaye asusun makaranta, a karɓi rasit, a karanta rahoto a taron shekara. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 mun ga an haɗa Titus da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka amince da su, don kada a sami abin zargi. In manzo ya nemi shaidu, dattijon ikilisiya bai kamata ya ji haushi don an ce ya kawo rasit ba.

Rahoton ya faɗi yawan yara da yawan kuɗi, kada ya faɗi sunaye. Mun sha ganin an tsayar da maraya a gaban jama'a ranar Lahadi, an ba shi makirufo ya gode wa mai taimakonsa, ana ɗaukar hoto a sa a Facebook. Yaro ɗan shekara 13 ba ya manta irin wannan rana. Koyarwar Ubangiji a Matiyu sura 6 a kan bayarwa a ɓoye ta shafi wannan kai tsaye, gargaɗin Yakubu sura 2 a kan nuna bambanci tsakanin mai kuɗi da matalauci kuma ya shafi ajin makaranta kamar yadda ya shafi kujerun majami'a. Mai tallafi bai sayi yaron ba. Ba ɗan aikensa ba ne lokacin hutu, in yarinya ce kuma kada a yarda wata hulɗa ta kasance tsakaninsu a bayan kwamiti. Malamai ma ba sa bukatar sanin wane ne yake kan tallafi, in ban da shugaba da ma'aji.

Sai a tuna cewa kuɗin makaranta ba shi ne dukan kuɗin karatu ba. Akwai kayan makaranta, takalma, littattafai, kuɗin mota zuwa gida, sabulu, audugar mata, da kuɗin jarrabawar WAEC da NECO a aji na ƙarshe. An sha biya wa yaro shekara biyar, ya zo aji shida ya kasa yin rajistar jarrabawa. Tallafin rabin kuɗi ma, in gidan ba zai iya kawo ɗaya rabin ba, bai taimaki matalauci na ainihi ba, ya taimaki mai matsakaicin hali ne. Gara a ɗauki yara uku cikakke da a yayyafa wa goma abin da ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Kafin a ɗauki yaro a aji ɗaya, kwamiti ya lissafa shekara shida, ba ɗaya ba. A misalinmu na sama, naira miliyan 1 da dubu 800 ke nan, tun kafin a yi ƙarin kuɗin makaranta, za a kuwa yi. Mai alkawari yana iya rasuwa, ko a yi masa canjin wurin aiki, ko kasuwa ta juya masa baya. Don haka ya kamata kuɗin kowa ya shiga asusu ɗaya maimakon a ɗaura kowane yaro a wuyan mutum ɗaya, a kuma ajiye aƙalla kuɗin zango ɗaya na dukan yaran a gefe kafin a ƙara karɓar wani sabo.